Ƙulli Arba'in da Uku

A gidanmu na Kirfi akwai wata likkafa,
baƙa ƙirin, bakinta duk ya cinye.
Da ita Goggo ke ɗebo garwashi a maƙwabta.
Ran da na tambayi asalinta
ta ce, jawo tabarma, zancen ba ya son gaggawa.

Shekarar da 'ya'yan mutum ɗaya
suka ja dāga a kan rawani ɗaya,
ba wanda ya aiko wa garinmu goron gayyata.
Su suka tashi da kansu:
Mato marini, shuni har gwiwar hannu,
Gidado mai kanwa, wanda bashi ya hana barci,
Zailani da ya sayar da fadamarsa ya sayi hurde,
da Bappa Manu, da ya ce shi dai ba a barinsa tsaron awaki.
Mahaya arba'in da uku, sulke biyu,
saura rigar saƙi da laya.
Suka raɗa wa kansu 'Yan Ganin-dama,
gari ya raka su bakin Gongola ana guɗa ana shewa.

Kakana Jatau bai hau komai ba.
Yaro ne, lauje a kafaɗa, aikinsa yankan haki.
Bai san lissafin malamai ba,
sai ya sami igiyar rama
ya yi wa kowane doki ƙulli.
In doki ya faɗi, ya kwance ɗaya.
Mutane kam, in ji shi, suna da iyaye masu ƙirgawa.

Daminar fari mashi bai ci biyar ba,
tsando ya ci goma sha ɗaya.
Mahaya suka koma cin dusar dawaki,
dawaki suka koma cin jinkar mutane.
A wani ƙauye da suka ce sun zo ceto
suka yashe rumbun wata tsohuwa.
Ta bi su har mashaya, ba zagi, ba kuka,
ƙwarya kawai ta miƙa musu:
ku haɗa da wannan, me zan zuba a ciki in kun wuce?
Gidado ya ce har ya mutu yana jin muryarta in dare ya yi tsakiya.

Sai daren mashigi.
An ce kowa ya kame bakin dokinsa, abokan gaba na tsallake.
Goɗiyar Mato ta fizge ta yi haniniya,
daga can ƙetare wani ya amsa mata.
Ɗanta ne, akawal ɗin da aka sayar a kasuwar Dukku bara waccan.
Dabbobi suka gane juna cikin duhu
kafin masu su su gane.
Da gari ya waye aka juya wanda Mato ya soka,
sai ga zanen gidan surukansa a kumatu.
Ya wanke hannu da yashi har la'asar,
ya ce wannan rinin ba ya fita da wankewa.

Ta yaya aka gama? Goggo ta yi dariya.
Manya suka shirya, suka ci tuwo a akushi ɗaya.
Wanda bai aike ka ba, ba ya tambayar ya hanya.
Mutum tara suka dawo, a ƙasa,
suna jan dawaki huɗu da kunya ta hana a hau.
Ba kalangu, ba kirari.
Matar Zailani ta leƙo ta ƙirga, ta sake ƙirgawa,
ta saki asabari.

Igiyar fa? na ce.
Ta yi nuni da rijiya da haɓa.
An ja guga da ita shekara da shekaru har ta ruɓe,
amma ƙulli huɗun nan, ruwa ya ɗaure su tamau,
ko da haƙori Jatau bai iya kwancewa ba.

Sai ta miƙo min likkafar:
tashi, wutarmu ta mutu,
je gidan jikokin wancan na ƙetare ka ɗebo mana.